Daga Baƙar Riga Zuwa Kujerar Minista: Yadda Ake Bin Hanyar

Ɗiyar ƙanwata ta gama karatun shari'a a jami'ar Tawa, ta zo mana hutu Yamai. Wani dare bayan isha'i muna zaune tsakar gida, sai ta ce mini: "Kawu, kai da ka yi shekaru kana riƙe wa Metir jaka, gaya mini gaskiya, ta ina mutum ke bi daga kotu har ya kai kujerar minista?" Na ce mata maganar ta fi ƙarfin hirar dare ɗaya, ta bari in rubuta. To ga shi. Da ita nake magana, amma duk yaro ko yarinyar da ke riƙe da takardar shari'a, idonsa na kan siyasa, ya tsinci abin da zai amfane shi.

Ni ba lauya ba ne, akawun lauya ne: mai buga takardu, mai kai su kotu, mai tuna wa maigida ranar zama. Na yi aiki da wani lauya ɗan Adar, ba sai na faɗi sunansa ba, Metir zan ce masa kamar yadda ake kiran lauyoyi. Na bi shi daga biro mai ɗaki biyu zuwa majalisar jiha, daga nan majalisar dokoki, daga nan ofishin minista, kuma tare muka komo ɗakunan nan biyu. Abin da idona ya gani shi zan faɗa miki.

Kin san halin da ake ciki a Nijar. Tun 26 ga Yulin 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisar dokoki, a Afrilun 2024 aka rushe majalisun jihohi da na kwaminoni, wato ƙananan hukumomi, a Maris ɗin 2025 kuma aka rushe jam'iyyu. Saboda haka ƙa'idojin da zan ambata na tsarin mulkin 25 ga Nuwamban 2010 ne, wanda muka yi aiki a ƙarƙashinsa. Ranar da aka sake buɗe fili, yawan kujeru da sharuɗɗa na iya sauyawa, sai ki ɗauki sabuwar dokar ki karanta da idonki. Amma shirin da mutum ke yi kafin ranar, yanzu ne lokacinsa.

Fara da zama lauya ta gaske

Ɗiyata, kada ki yi gaggawa a nan. Dokar bai-ɗaya ta 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa, ta shimfiɗa hanyar: digiri na biyu a fannin shari'a, jarrabawar CAPA ta cancantar zama lauya, rantsuwa, sannan shekara uku na koyon aiki a hannun wani lauya kafin sunanki ya hau babban jerin lauyoyin ƙasa. Shekaru ukun nan su ne jarinki. Wajen zaɓen maigida, nemi wanda ke sa riga ya tsaya gaban alƙali kowane mako. Akwai manyan ofisoshi da aikinsu kwangilolin kamfanoni ne, akwai kuɗi a wurinsu, amma za ki gama ba ki taɓa ganin yadda manomi ke rawar jiki in an kira sunansa a zauren shari'a ba.

Ki saba da girefiye, wato magatakardan kotu, shi ya san inda kowane dosiye, wato kundin takardun shari'a, ya kwana. Ki shiga gidan kaso ki ga wanda kike karewa ido da ido. Kuma ki koyi karanta takarda tun daga kanunta har hatimin ƙarshe, har da ƙananan rubutun da ke ƙasa. Wannan ɗabi'ar za ta yi miki rana a wurin da ba ki zata ba.

Ki koma gida da sana'arki

Mafi yawan lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune. Daga Yamai zuwa Tawa kuwa sama da kilomita 500 ne, ta Dosso, Dogondutsi da Ƙonni. Mutumin Buza ko Kaita da rigima ta kai shi jastis, sau da yawa bai taɓa magana da lauya ba a rayuwarsa. Metir ya ɗora wa kansa wata al'ada tun bai yi mafarkin takara ba: duk wata sai mun yi tafiya gida, mu yi kwanaki muna sauraron mutane a zauren gidan mahaifinsa.

Ba na manta wani dattijo da ya zo mana daga wani ƙauye a gabashin Tawa. Ya zauna, ya ciro wani tsohon gwangwanin madara daga aljihun riga, ya buɗe, ya warware leda, ya warware tsumma, sannan ya miƙo wata takarda da ta yi ja don tsufa, rubutun ajami, ninkin ya kusa raba ta huɗu. Shaidar gonar da ubansa ya saya ce. Ɗansa ya tafi biɗa Abijan, maƙwabci ya ci iyaka da kusan taki talatin. Metir ya sauko daga kujera ya zauna kan tabarma kusa da shi, ya sa aka kira wani malami ya karanta takardar da ƙarfi sau biyu, ya tambayi su wa ke raye cikin 'ya'yan shaidun. Sannan ya ce: "Baba, ba kotu za mu fara zuwa ba. Mu koma wurin mai gari, in bai sasanta ba sai sarki, a rubuta mana takardar an shirya ko ba a shirya ba, da ita za mu tunkari alƙali." A wurin sarki maganar ta mutu. Bayan kaka dattijon ya aiko da zabbi biyu da tiya biyar ta wake. Shekaru bayan haka, a ƙauyen nan ba mu buƙaci mai gabatar da mu ba.

Irin waɗannan shari'o'in za ki nema: iyakar gona, gado, ɓarnar dabbobi, burtali da aka nome, rijiya da aka hana makiyayi. Don haka ki haddace dokar karkara ta 1993 da aikin hukumomin filaye da ake kira Kofo, tun daga na ƙauye har na gunduma. Ki san dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, da dokar kiwo ta 2010, domin jiharmu ta haɗa Adar da Azawak, mai garma da mai raƙumi duk naki ne. Ki san cewa a sha'anin aure, gado da gona, alƙali na aiki da al'adar masu shari'a, da masu ba shi shawara kan al'ada a gefensa.

Wani abu da nake so ki ɗauka da muhimmanci shi ne harshe. An koya miki shari'a da Faransanci, amma da Hausa za ki yi wa tsohuwa bayanin abin da alƙali ya yanke. Ki gwada kanki: ɗauki hukunci guda ki fassara wa kakarki, kada ki sa kalmar Faransanci ko ɗaya. In ta gane, kin iya. In kuma kika ƙara da gaisuwa da 'yan jimloli na Tamajak da Fillanci, ranar da kika sauka Abalak ko Cintabaraden za ki ga amfaninsu. Sai dai in faɗa miki tsakani da Allah: mutanenmu suna gane wanda ya zo taimako da wanda ya zo shuka ƙuri'a. In don kujera kawai za ki yi wannan wahalar, ba za ki jure shekara biyu ba.

Jam'iyya da jerin 'yan takara

A tsarin da muka sani, in ban da mazaɓu takwas na musamman, irin su Tasara a jiharmu, jam'iyya ake zaɓa. Kowace jam'iyya na kawo jerin 'yan takararta na jiha, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'ar da kowa ya samu. Abin da na gani da idona, in an zo maganar wa zai hau kujerun da aka samu, abu na farko da shugabanni ke buɗewa shi ne sakamakon yankin kowane ɗan takara. Wanda ba shi da ƙauyukan da za su fito dominsa, komai iya bakinsa a rediyo, zai zauna yana kallo.

Lauya na da ƙofar shiga da wasu ba su da ita, wato takardu. Kowane ɗan takara sai ya kawo takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, da ta shaidar ba a taɓa ɗaure shi ba, wadda ba ta daɗe da fitowa ba. Tsarin mulkin 2010 ya ce aƙalla kashi 75 cikin 100 na 'yan takarar depite a kowane jeri su kasance suna da BEPC, wato takardar gama ƙaramar sakandare, ko makamancinta. Gabanin zaɓen 2011 an soke jeri da yawa saboda takardu ba su cika ba, har da na manyan jam'iyyu. Takardar mutum ɗaya na iya kayar da jeri sukutum. Metir ya yi dare uku yana bin dosiye ɗaya bayan ɗaya da jan alƙalami, ya gano wani da sunan uwarsa ya bambanta a takardu biyu, aka gyara kafin wa'adi ya cika. Daga ranar manyan jam'iyya suka san da zamansa.

Haka ranar zaɓe. Ki horar da wakilanku na rumfuna tun da wuri, su san ba a barin rumfa sai an ƙirga, an sa hannu, an karɓi kwafin takardar sakamako. In rigima ta kai gaban kotu, da wannan takardar ake magana, "an ce, an ce" ba ya shiga dosiye.

Ke mace ce, don haka ki san dokar kason mata. A 2000 aka kafa ta da kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, a 2014 aka kai 15, a 2019 aka kai 25 na zaɓe da 30 na naɗi. Za a zo neman sunanki don a cika lissafi. Kada ki ƙi, amma ki shiga da mutanenki a bayanki, don kada a mayar da ke 'yar rakiya. Ki duba Aisata Tall Sall ta Senegal: lauya ce, ta yi magajiyar garin Podor, ta yi depite, ta riƙe ma'aikatar harkokin waje a 2020, ta riƙe ta shari'a a 2023. Tana da garin da take tsaye a kansa.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Kampanye na cin mai, na cin shinkafa, na cin hayar motoci. Ki yanke abin da za ki iya kashewa tun kafin a fara, kuma har abada kada ki taɓa kuɗin da wanda kike karewa ya ba ki ajiya. Shi ke cire wa lauya riga.

Majalisar jiha

A Janairun 2011 aka zaɓi majalisun jihohin da suka fara kama aiki a ƙasar nan. Kada sunan ya ruɗe ki. A Kanada kowane lardi na da majalisar da ke yin dokoki da ministocinsa, a Najeriya ma majalisun jihohi na yin doka. Tamu ba ta yin doka. Tana amincewa da kasafin jiha da tsarin raya ta, gwamna kuma, wanda gwamnati ke naɗawa, yana duba ko abin da ta zartar bai saɓa wa doka ba. An miƙa wa jihohi da kwaminoni wasu ayyuka a fannin ilimi, lafiya, ruwa da muhalli, sai dai kuɗin ba ya biyo aikin yadda ya kamata.

Wasu lauyoyi na raina wannan mataki. Ni ina ganin kuskure ne babba. A nan Metir ya koyi karanta kasafi, ya koyi zama kusa da ɗan kasuwar da bai yi lakkol ba amma ya fi shi sanin hanyar Badagishiri da farashin albasar Galmi, ya koyi cewa fin kowa hujja ba ya sa a ɗaga maka hannu. A kotu mutum ɗaya kike lallashi, kuma dole ya saurare ki. A majalisa babu wanda dole ya saurare ki, sai kin bi mutane gida kin sha shayinsu kafin ranar zama.

Majalisar dokoki

Kujeru 113 ne a 2011, suka koma 171 daga 2016, wa'adi shekara biyar. Kowane depite da sifileyan ɗinsa ake zaɓensa, wato wanda zai maye gurbinsa. Ki zaɓi naki kamar yadda ake zaɓen surukin kirki, domin ranar da aka ba ki minista shi zai zauna a kujerarki, shi mutanenki za su riƙa gani.

Talabijin na nuna zauren majalisa, amma a kwamitoci ake dafa tuwon. Ki nemi kwamitin da ke duba dokokin shari'a da tsarin hukumomi, nan ne sana'arki za ta yi magana. Na tuna wani yammaci a ɗakin kwamiti, an gaji, wasu na kallon agogo saboda magariba ta kusa. Metir ya ɗora yatsa kan wani layi ya ce a dakata. Layin ya ce hukuma "tana iya" sanar da mutum kafin ta ɗauki mataki a kansa. Ya ce ya tsaya a kotu sau da yawa yana kare mutanen da "tana iya" ta cinye, a mayar da ita "dole ne". Aka yi ta ja kusan awa guda, jami'an ma'aikatar da suka kawo dokar ba su so ba, daga baya suka yarda. Babu jaridar da ta buga wannan labari. Ni dai a duk shekarun da ya yi a majalisa, ban ga aikin da ya fi shi ba.

A zaman kasafin kuɗi kada ki yi fashi ko na rana ɗaya. Ki koyi yadda ake yi wa minista tambaya a rubuce da baki, ki zo da lambobi daga takardunsa shi kansa. Majalisa na da haƙora in ta so: ranar 31 ga Mayun 2007 ta kayar da gwamnatin Hama Amadu da ƙuri'ar yanke ƙauna, kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimi.

Game da rigarki, tun ranar farko ki je ki gaida shugaban lauyoyi, ki tambaye shi a rubuce abin da ya halatta ki ci gaba da yi. Shawarata, duk shari'ar da gwamnati ko wata hukuma ke ciki, ki miƙa wa wani.

Sai kuma ƙofar gida. Kafin ki idar da sallar asuba mutane sun cika ta: mai takardar magani, mai kuɗin lakkol, wanda aka kama ɗansa, wanda ba shi da kuɗin motar komawa Ilela. Ba za ki iya da kowa ba, kuma ba za ki kore su ba. Mu dai littafi muka buɗe. Ni ke rubuta sunan mutum, garinsa da buƙatarsa, Metir ya duba da dare ya raba: wannan na aljihu ne, wannan wasiƙa yake buƙata, wannan ba zai yiwu ba. Na ukun shi da kansa yake gaya wa mutum, ba ya aike. Kada ki ce wa mutum "ka dawo gobe" alhali kin san babu. Ba'adare zai yafe miki "babu", amma ba ya manta wanda ya sa shi zarya.

In kira ya zo

Ba a neman minista da takardar neman aiki. Shugaban ƙasa ke naɗawa bisa shawarar firaminista, kuma ana duba jam'iyya, jiha, ƙawance da kason mata. Abin da ke hannunki shi ne a san ki da wani fanni. In an kira ki, tambayi wace ma'aikata ce kafin ki ce to.

A Ingila da Kanada minista na riƙe da kujerarsa ta majalisa. A namu tsarin na 2010 ba a haɗa su: sifileyan ya hau kujera, aikin lauya kuma ya tsaya cak. Ki zauna ki rarraba dosiye, ki kira kowane mai shari'a ki gaya masa wa zai ci gaba da ita, ki mayar da kuɗin aikin da ba ki yi ba. Cikin kwana 7 da kama aiki, minista na miƙa bayanin dukiyarsa a rubuce ga kotun binciken kuɗin ƙasa. Ki rubuta komai, har filin gado na ƙauye da shanun da ke hannun makiyayi, ki ajiye kwafi.

A ma'aikata za ki tarar da babban sakatare da daraktocin da suka ga ministoci da yawa sun zo sun wuce. Ki girmama su, ki saurare su, kada ki shigo da tawagar 'yan uwa. Kowace yamma za a ajiye miki tulin takardun sa hannu, wani lokaci a ce na gaggawa ne, mai ɗauka na tsaye a ƙofa. A nan ɗabi'ar da na ce ki koya tun kina koyon aiki za ta cece ki. Metir ba ya sa hannu a tsaye, kuma ba ya sa hannu a mota. Wata rana ya mayar da takardar wata kwangila har sau uku, saboda an so a ba da ita kai tsaye ba tare da gasa ba, kuma dalilin da aka rubuta bai gamsar da shi ba. An yi ta waya daga wurare masu nauyi. Ya ce a rubuto masa umarnin a takarda. Ba a rubuto ba. Kin san a ƙasar nan an taɓa tsare tsofaffin ministoci kan kuɗin ma'aikatunsu, kuma ranar tambaya, sa hannun da ke ƙasan takarda ake dubawa.

Abin da aka tattauna a taron majalisar ministoci amana ne, kuma abin da aka yanke sai kin kare shi a waje ko da kin ja a ciki. Lauya ya saba da riƙe sirri, wannan ba zai yi miki wuya ba. Mai wuyar shi ne ranar da aka yanke abin da zuciyarki ta ƙi gaba ɗaya. Tun kafin ki shiga ki san abubuwa biyu ko uku da in aka taɓa su za ki ajiye aiki, ki gaya wa mijinki ko mahaifiyarki, don a sami mai tuna miki.

Mu a labarun dare na Tele Sahel muka ji an yi garambawul, sunan Metir ba ya ciki. Washegari ya rubuta bayanin miƙa aiki da hannunsa, shafi goma sha ɗaya, ya bi ofis-ofis ya yi ban kwana har da masu gadi, ya miƙa makullin mota. A tsohuwar motarsa muka koma gida. Da yake bai saki hayar biro ba duk tsawon shekarun, bayan sati biyu na je na kakkaɓe ƙura, shi kuma ya rubuta wa shugaban lauyoyi yana neman komawa aiki. Ke ma kada ki saki naki, ko da ɗaki ɗaya ne.

Yanzu dai, ɗiyata, in kin koma Tawa, ki je kotu ranar da ake zaman ƙararrakin gona da gado. Ki zauna a bencin baya da littafi, ki rubuta shari'a nawa aka kira, nawa ne a ciki aka zo da lauya, da abin da ya sa aka ɗage waɗanda aka ɗage. Ki yi haka wata uku, sannan ki kawo mini littafin mu duba tare kafin ki shiga CAPA.